Magana da Ingilishi a Ƙasashen da Ake Karatu da Faransanci: Matsaloli da Hanyoyin Koyarwa

Masana koyar da harshe suna kasa iya harshe gida huɗu: saurare, magana, karatu da rubutu. A cikinsu magana ce ta fi ba ɗaliban Ingilishi wahala a Nijar, Chadi, Benin, Togo da yankunan Kamaru masu amfani da Faransanci. A yawancin waɗannan ƙasashe yaro yana fara darasin Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, wato sixième, ya ci gaba har terminale, shekara bakwai ke nan. Da yawa suna kammalawa sun san ƙa'idojin nahawu, suna iya amsa tambayoyi a takarda, amma idan baƙo ya tare su da tambaya sai baki ya yi nauyi. A nan za a yi amfani da kalmar Ingilishi, domin a wurare da dama a Nijar idan aka ce Turanci ana nufin Faransanci ne.

Matsayin Ingilishi a yankin

Buƙatar harshen tana ƙaruwa a hukumance. Kamaru tana da harsunan gwamnati biyu, Faransanci da Ingilishi, tun haɗewar ƙasar a 1961, kuma ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 1995. Togo da Gabon sun shiga ƙungiyar a 2022. Burkina Faso ta yi wa kundin tsarin mulkinta gyara a ƙarshen 2023, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A Nijar, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki.

Ga Bahaushen da ke zaune a waɗannan ƙasashe akwai wani dalili na kusa. Najeriya da Ghana, inda dangi da abokan ciniki suke, da Ingilishi suke gudanar da makarantu, kotuna da ofisoshi. Ɗan kasuwar Maradi zai yi cinikinsa da Hausa a Jibiya ko Kano, amma takardar banki, jami'in tashar jiragen ruwa a Legas ko Tema, da mai kamfani a Dubai ko Guangzhou duk Ingilishi za su nema. Haka ɗalibin Garwa ko Njamena da ke son shiga jami'a a Zariya ko Kumasi, da mai neman aiki a ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa: a ganawar ɗaukar aiki bakinsa za a saurara kafin a duba takardunsa.

Abin da ake nufi da iya magana

A shekarun 1960 da 1970 masanin harshe ɗan Amurka Dell Hymes ya nuna cewa sanin nahawu wani ɓangare ne kawai na iya harshe. Dole mutum ya san abin da ya dace ya faɗa, ga wa, a ina, kuma da wace siga. Bahaushe ya san wannan a harshensa: gaisuwar da ake yi wa suruki daban take da wadda ake yi wa aboki. Michael Canale da Merrill Swain sun faɗaɗa wannan ra'ayi a 1980, suka haɗa da dabarun da mai magana ke bi idan kalma ta ɓace masa, kamar kwatanta abin ko neman a maimaita. A kan wannan tunani aka gina salon koyarwa ta hanyar sadarwa, wanda manhajojin ƙasashe da yawa suke ambata a yau.

Malamai kan duba abubuwa huɗu a bakin ɗalibi. Na farko sakin baki, wato magana ba tare da yawan tsayawa ba. Na biyu daidaiton nahawu. Na uku furucin da ake ganewa. Na huɗu yawan kalmomi da iya zaɓen wadda ta dace. Waɗannan ba sa girma tare. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Kotonu da Legas yana iya zuba magana da kurakurai, ɗalibin lise kuma ya gina jimla mai kyau bayan ya yi shiru na rabin minti.

Dalilin wannan shiru sananne ne. Willem Levelt ya bayyana a 1989 cewa mai magana yana yin ayyuka da yawa kusan lokaci guda: yana tsara abin da yake nufi, yana nemo kalmomi ya jera su, yana furta su, yana kuma sauraren kansa. A harshen uwa duk wannan yana gudana ba tare da tunani ba. A baƙon harshe kowane mataki yana cin hankali, har sai yawan maimaici ya mai da shi jiki. Ɗalibin da ke tunani da Hausa, ya juya zuwa Faransanci, sannan ya juya zuwa Ingilishi, ya ƙara wa kansa zango biyu a kowace jimla.

Abubuwan da ke ɗaure baki

Babbar matsalar lissafi ce. A ɗauki aji mai ɗalibai 60 da darasin minti 60. Idan malami ya yi magana na minti 40, saura minti 20. Idan aka raba su ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗalibi zai samu daƙiƙa 20. Ko da ana darasi sau huɗu a mako na tsawon mako 30, abin da ɗalibin ya furta a shekara bai wuce minti 40 ba. Babu wanda ya taɓa iya keke ko ɗinki da atisayen minti 40 a shekara.

Sai jarrabawa. Duk inda mafi yawan maki yake kan rubutu, malami da ɗalibi za su ba rubutu ƙarfi, domin a kansa za a auna su a BEPC da Bac. Darasin magana shi ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure.

Na uku tsoro. A 1986 Elaine Horwitz da abokan aikinta a Jami'ar Texas sun bayyana wata fargaba ta musamman da ke kama masu koyon baƙon harshe, suka danganta ta da tsoron magana a gaban mutane, tsoron jarrabawa, da tsoron a raina mutum. A yankin nan fargabar tana da tushe biyu na gida. Akwai kunya, wadda tarbiyya ke yabawa: yaro ba ya yawan magana a gaban babba, kuma a ajin da aka haɗa maza da mata ƴan mata sukan fi yin shiru. Akwai kuma tarihin makarantar Faransa, inda aka daɗe ana rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida wata alama da ake kira symbole don a kunyata shi. Ajin da ya gaji ɗabi'ar yi wa mai kuskure dariya yana koya wa yara cewa shiru ya fi aminci.

Na huɗu, harshen ba ya cikin unguwa. Yaron Briketeri a Yawunde yana jin Hausa, Fulatanci da Faransanci daga safe zuwa dare, na Njamena yana jin Larabcin Chadi. Inda ake jin wani abu mai kama da Ingilishi, a kasuwannin iyaka ko a Duwala, sau da yawa Pidgin ne. Pidgin harshe ne mai ƙa'idojinsa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017, kuma yana sa mutum ya saba da kalmomi da yawa. Sai dai nahawunsa daban ne, don haka ana son ɗalibi ya san lokacin da yake cikin wannan da lokacin da yake cikin wancan.

Sautukan da ke wahalar da mai jin Hausa da Faransanci

Kalmomin aro suna nuna inda matsalar take. Hausa ba ta bambanta p da f, shi ya sa passenger ta zama fasinja, pump ta zama famfo. Ba ta da v, sai driver ta zama direba, television ta zama talabijin. Ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, sai ta cusa wasali a tsakani: bread ta zama burodi, primary ta zama firamare. Abin da ya gyara kalmar a Hausa shi ne ke ɓata ta a Ingilishi, inda pull da full, ko vote da boat, kalmomi ne mabambanta. Wanda ya yi karatun Faransanci ya riga ya koyi p, f da v, don haka wannan ɓangare ya zo masa da sauƙi.

Faransanci kuma yana kawo nasa cikas. Ba a furta h a cikinsa, sai ɗalibi ya karanta hair kamar air, heat kamar eat, alhali yana furta h kullum a hannu da hula. Faransanci yana ɗora nauyin murya a ƙarshe, Ingilishi kuwa kowace kalma da gaɓar da ake dannawa. Bambancin thirteen da thirty, wato 13 da 30, ya dogara sosai a kan wannan, kuma kuskurensa a ciniki asara ce. Akwai kuma kalmomi masu kama da juna da ma'ana daban: library ɗakin karatu ne, librairie shagon littattafai, actually na nufin a gaskiya, actuellement na nufin a halin yanzu, attend halarta ne, attendre jira. Jimlar faɗin shekaru ma tana yaudara, domin Faransanci da Hausa duk suna cewa mutum yana da shekara kaza, Ingilishi kuwa yana amfani da am, is ko are.

Hausa tana da wata riba da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Tana bambanta dogon wasali da gajere, kamar a gari na zama da garin tuwo. Kunnen da ya saba da wannan zai fi saurin kama bambancin ship da sheep, ko live da leave, fiye da kunnen Bafaranshe.

Ba duk sauti ne ya cancanci ɓata lokaci ba. Jennifer Jenkins ta yi nazarin hirarrakin mutanen da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, ta wallafa sakamakon a 2000. Ta gano cewa sautukan th ba su cika hana fahimta ba idan aka musanya su, amma sauran baƙaƙe, tsawon wasali, baƙaƙen da ke jere a farkon kalma da wurin da ake danna murya a jimla suna da muhimmanci. Murray Munro da Tracey Derwing sun nuna a 1995 cewa mutum na iya magana da karin harshensa mai ƙarfi kuma a fahimce shi sarai. Saboda haka abin nema shi ne a gane mutum. Kwaikwayon mutumin Landan ba sharaɗi ba ne.

Abin da bincike ya nuna

Stephen Krashen ya yi fice a farkon shekarun 1980 da ra'ayin cewa ana samun harshe ne ta yawan ji da karanta abin da ake fahimta, wanda ya ɗan ɗara matakin ɗalibi. Kusan kowa ya yarda cewa babu magana sai da saurare mai yawa. Amma Merrill Swain ta kawo hujja daga Kanada, inda tun 1965 ake koyar da yara masu jin Ingilishi darussansu da Faransanci. Bayan shekaru suna ji, fahimtarsu ta kusa kai ta ƴan asalin harshen, nahawun maganarsu kuwa ya kasance a baya. A 1985 ta bayyana cewa sai an tura ɗalibi ya yi magana da kansa sannan yake gano abin da bai iya faɗa ba. Michael Long ya ƙara da cewa hira, inda ake neman ƙarin bayani ana sake faɗa har a fahimci juna, ita ce ke haɗa ji da furtawa.

Paul Nation na New Zealand ya ba da shawarar a raba lokacin koyo gida huɗu daidai: ji da karanta abu mai ma'ana, faɗa da rubuta abu mai ma'ana, nazarin ƙa'idoji da kalmomi, da atisayen sauri a kan abin da aka riga aka sani. A azuzuwa da yawa kashi na uku ne ya cinye sauran. Game da kalmomi, bincike ya nuna cewa kalmomi 2,000 zuwa 3,000 da aka fi amfani da su, tare da rassansu, suna ɗauke da kusan kashi 95 cikin 100 na hirar yau da kullum. Ya fi amfani a koye su cikin guntayen jimloli da ake furtawa a dunƙule, irin na neman alfarma, ba da haƙuri da tambayar farashi.

Dabarun da ke aiki a babban aji

Aikin bibbiyu shi ne maganin lissafin da aka kawo a sama. Idan ɗalibai 60 suka kasu biyu-biyu na minti 10, kowa ya samu minti 5, wato ninki 15 na daƙiƙa 20. Ba a buƙatar motsa benci. Kowa ya juya ga na kusa da shi. Aji zai yi hayaniya, kuma wasu za su zame zuwa Hausa ko Faransanci. Ana rage wannan ta ba da aiki gajere mai sakamako a fili da lokaci ƙayyadadde.

Aikin da ya fi sa magana shi ne wanda kowa ke riƙe da rabin bayani. Ɗaya yana da farashin kaya biyar, ɗayan yana da na sauran biyar, kuma dole su cika jadawali ba tare da leƙa takardar juna ba. N. S. Prabhu ya gwada koyarwa ta irin waɗannan ayyuka a makarantun kudancin Indiya daga 1979 zuwa 1984, a manyan azuzuwa, da allo da alli. Jadawalin tashar mota, taswirar unguwa ko lissafin canjin sefa da naira duk sun isa.

Dabarar 4/3/2 tana sakin baki. Ɗalibi ya ba da labari ɗaya ga mutum na farko cikin minti 4, ga na biyu cikin minti 3, ga na uku cikin minti 2. Nation ya gwada ta a 1989, ya ga saurin magana ya ƙaru, tsaye-tsaye sun ragu. Ga masu farawa ana iya rage lokacin.

Jira ma dabara ce. Mary Budd Rowe ta gano a azuzuwan kimiyya a Amurka cewa malamai suna jiran amsa kusan daƙiƙa ɗaya kacal. Da aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru. Mai magana da harshe na uku ko na huɗu ya fi kowa buƙatar wannan sarari. Haka nan ba da minti ɗaya na shiri, da barin ɗalibi ya gwada amsarsa a kunnen abokinsa kafin ya faɗa wa aji, suna rage fargaba.

Wasan kwaikwayo na asibiti, shingen kan iyaka ko ganawar neman aiki yana ba mai kunya damar fakewa a bayan wani mutum. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ma tana da amfani, domin ɗalibi ya riga ya san labarin, hankalinsa duka yana kan harshen.

Gyaran kuskure

Roy Lyster da Leila Ranta sun yi nazarin azuzuwa a Kanada a 1997. Sun ga cewa fiye da rabin gyaran da malamai ke yi shi ne maimaita jimlar ɗalibi a gyare, kuma wannan salo shi ne mafi ƙarancin sa ɗalibi ya gyara da kansa, domin sau da yawa bai lura an gyara shi ba. Alamar da ke sa shi ya sake gwadawa ta fi tasiri. Lokacin gyara ma yana da muhimmanci. Idan ana atisayen wata ƙa'ida, a gyara nan take. Idan ana atisayen sakin baki, malami ya rubuta kurakurai uku ko huɗu da suka fi yawa, ya kawo su allo a ƙarshe ba tare da ambaton suna ba.

A wajen aji

Wayar hannu ta sauƙaƙa abin da a da sai ɗakin gwajin harshe. Ɗalibi yana iya naɗar muryarsa na minti ɗaya kullum, ya saurara, ya sake. Abokai uku ko huɗu suna iya buɗe zaure a WhatsApp inda saƙon murya da Ingilishi kaɗai ake turawa. Akwai kuma bin sawun murya: a saurari jimla a gajeren shiri, a furta ta tare da mai magana har kari ya zauna. BBC ta fara koyar da Ingilishi ta rediyo a 1943, Muryar Amurka kuma ta fara shirin labarai a hankali da kalmomi kusan 1,500 a 1959, kuma darussa irin waɗannan suna da yawa a intanet kyauta. Kulob ɗin Ingilishi na makaranta yana amfani idan kowa yana magana a kowane zama; idan ya koma wurin da mutum uku ke jawabi saura suna tafi, ya zama wani ajin. Minti 15 kullum sun fi sa'a biyu a ranar Lahadi, domin maimaici a rarrabe ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

Yadda ake aunawa

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne na Majalisar Turai na 2001, wanda ake kira CECRL da Faransanci, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, irin waɗanda ake amfani da su a jarrabawar DELF. A matakin A2 mutum yana iya gajeriyar hira kan abubuwan yau da kullum. A B1 yana iya tafiya, ba da labari da bayyana ra'ayi a taƙaice. A B2 yana iya muhawara ba tare da wahalar da abokin hira ba. Hukumar jarrabawa ta Cambridge ta ƙiyasta sa'o'in koyo 350 zuwa 400 kafin B1, da 500 zuwa 600 kafin B2. A jarrabawar IELTS sashen magana yana ɗaukar minti 11 zuwa 14 gaba da gaba da mai jarrabawa, kuma a tsakiyarsa ana ba mutum minti ɗaya ya shirya, ya yi magana har minti biyu shi kaɗai.

Idan aka gwada waɗannan alƙaluma da shekara bakwai na kwaleji da lise, za a ga cewa sa'o'in da ɗalibi ke zama a ajin Ingilishi suna iya kai shi B1 ko fiye. Abin da ke yanke hukunci shi ne nawa daga cikin sa'o'in ya yi yana magana. Makarantar da ta ware minti 10 na aikin bibbiyu a kowane darasi, ta kuma sa makin magana a sakamakon kowane zango, ta ɗauki matakin da ba ya buƙatar sabon gini ko sabon littafi.